A buɗe wa malamin karkara ƙofar fita da ta dawowa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku domin in taɓo wani ɓangare na matsalar ilimi a Nijar wanda ban cika jin ana tattauna shi ba, duk da cewa da zarar watan Oktoba ya kama, yara suka koma makaranta, zancen malamai ba ya barin bakin jama'a. Ana maganar ƙarancinsu, ana maganar yajin aikinsu, ana maganar jinkirin biyan ƴan kwantaragi, kuma babu ƙarya a cikin ko ɗaya. Abin da ake tsallakewa shi ne yadda aikin malami yake tafiya tun daga ranar da ya fara riƙe alli har zuwa ranar da ya ajiye shi, musamman malamin da aka tura wurin yaran da aka bari a baya, da kuma abin da yake samunsa idan ya ƙetare iyaka domin ya koyar a wata ƙasa. Na koyar a ƙauyukan jihar Maraɗi, na koyar da Faransanci a arewacin Najeriya, na dawo gida na ƙarasa aikina, kuma abin da na gani shi ne tsarinmu yana samar da ƙwararrun malamai a wuraren da suka fi ko'ina wuya, sa'an nan ya rasa yadda zai yi da su, har su sulale ɗaya bayan ɗaya.

A da, matashin da ya fito daga makarantar horon malamai, irin ta Bawa Jan Gwarzo da ke nan Maraɗi, ya san cewa lambar aikin gwamnati tana jiransa, ya san matakan da zai hau, ya kuma san akwai fansho a ƙarshe. Wannan ya canza a shekarun 1990, lokacin da baitulmali ya kasa ɗaukar nauyin sababbin ma'aikata, alhali yawan yaran da suka isa shiga makaranta yana ta ƙaruwa. A 1998, shekarar da aka kafa dokar da ta tsara harkar ilimi a ƙasar, aka fara ɗaukar masu aikin sa-kai, daga baya kuma, da shirin shekaru goma na bunƙasa ilimi da ya soma a 2003, ƴan kwantaragi suka zamo su ne mafi yawa a makarantun firamare. Ba zan musa amfanin wannan mataki ba, domin akwai ƙauyuka da dama a Mayahi da Dakoro da Tasawa da ba su taɓa ganin baƙin allo ba sai a wannan zamani. Amma da aka yi wa ƴan kwantaragi jarrabawar tantancewa a 2017, sakamako ya nuna kimanin ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki, sai ƙasa ta ɗauka da zargin malamai, sai ka ce su suka ɗauki kansu aiki, su suka kuma gajarta wa kansu horo. Jarrabawar ta tona waɗanda ba su iya ba, an kuma sallami wasu, amma ba a yi wani yunƙuri makamancinsa ba domin gano waɗanda suka iya fiye da kima a ba su matsayin da ya dace da su.

Kowa ya san yadda rabon wuraren aiki yake gudana. Sabon malami, wanda bai taɓa tsayawa gaban aji shi kaɗai ba, wanda kuma ya fi kowa ƙarancin albashi, shi ake turawa wajen makiyayan Bermo ko ƙauyen da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Can zai tarar da ajin zana, wanda ba a iya kafa shi sai an girbe hatsi an samu kara, ba ya kuma tsayawa bayan ruwan farko, ta yadda shekarar karatu takan ragu ta gaba da ta baya. Hukumomi da kansu sun sha ambaton azuzuwa irin waɗannan kimanin 36,000 a faɗin ƙasa, kuma mu mutanen Maraɗi ba ma bukatar a tuna mana hatsarinsu, tun gobarar 8 ga Nuwamba 2021 da ta ci rayukan yara aƙalla 25 a cikin wannan gari, wata bakwai bayan wadda ta kashe yara 20 a Yamai. Malamin da ya kwana biyu a irin wannan wuri, ɗayan biyu ne, ko dai ya karaya ya dinga ƙirga kwanakin da suka rage kafin a yi masa canji, ko kuwa ya koyi wani irin aiki da ba a koyar da shi a makarantar horo. A kan waɗannan na biyun nake magana.

Misali mafi bayyana shi ne azuzuwan gada, waɗanda ake buɗewa domin yara masu shekara 8 zuwa 12 da ba su taɓa shiga makaranta ba ko suka fita tun da wuri. A cikin wata tara ake so a koya musu abin da takwarorinsu suke koya a shekara uku, a fara da harshen gida na tsawon wata biyu, a shiga Faransanci a hankali, daga ƙarshe a yi musu gwaji a zuba su a makarantar gwamnati. Wanda bai taɓa tsayawa gaban irin wannan aji ba zai ɗauka yara ne da babu komai a kansu, alhali ba haka ba ne. Yarinyar da ta yi shekaru tana tallan ƙuli-ƙuli ko fura ta san lissafi fiye da ɗan birni mai jakar littattafai, sai dai da dala take ƙirga, ta san dala ashirin ita ce abin da littafi yake kira sefa 100, dala ɗari biyu kuma jika guda, wato kullum tana ninkawa da biyar a zuciyarta ba tare da ta san sunan abin da take yi ba. Malamin da ya gane haka, daga kwanon tallanta yake fara darasin ninkawa, kuma nan da nan sai ya ga ajin ya wuce inda littafi ya yi tsammani. Almajirin da ya kai izu goma kuwa ya iya zama wuri ɗaya, ya iya riƙe alƙalami, yana da hadda, ya san baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da sauti, abin da ya rage shi ne a saba masa da fara rubutu daga hagu, a kuma hana shi buɗe littafin rubutu ta baya. Idan aka yi masa kallon wanda bai san komai ba, aka zaunar da shi yana rera baƙaƙe tare da ƴan shekara shida, kunya kaɗai ta isa ta kore shi kafin mako ya zagayo.

Rabin aikin ma ba a cikin aji ake yin sa ba. Sai an zauna da mai gari, an zauna da liman, an je wurin malamin tsangaya da ladabi an nemi ya saki almajiransa tsakanin hantsi da azahar, an kuma tabbatar masa cewa ba a zo raba su da Alƙur'ani ba. Sai an shawo kan uwa wadda ribar tallan ƴarta ce kuɗin cefanenta da na kayan ɗakin da take tarawa, kuma wa'azi ba ya aiki a nan, sai dai a nemo tsarin da zai bar yarinyar ta yi karatu da safe ta fita da yamma, har zuwa lokacin da uwar za ta ga amfanin da idonta. Sai an san lokacin da samari suke tafiya cin rani da lokacin da makiyaya suke tashi da dabbobinsu, a gabatar da darussa masu nauyi kafin nan. Dokar da gwamnati ta fitar a Disamba 2017 domin kare karatun ƴaƴa mata abu ne mai kyau, amma a ƙauye, ranar da uba ya yi niyyar cire ƴarsa daga aji ya yi mata aure, wanda yake iya tsayar da shi shi ne malamin da yake jin nauyinsa, wanda ya halarci sunan ƴaƴansa da jana'izar iyayensa.

Tun daga 2019 kuma an samu wani sabon rukunin ɗalibai a jiharmu, wato ƴaƴan ƴan gudun hijirar da hare-haren ƴan bindiga suka koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, waɗanda aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wasu daga cikin yaran sun ɗan taɓa karatun Ingilishi a can, wasu ba su taɓa ba, dukkansu dai sun faɗo cikin tsarin da yake tafiya da Faransanci, kuma Hausa ce kaɗai ta haɗa su da malaminsu. Abokan aikin da suka riƙe waɗannan azuzuwa sun ba ni labarin yaran da suke zabura idan suka ji ƙarar babur, da waɗanda suke yin makonni ba su buɗe baki ba. Malamin da ya iya mai da hankalin irin wannan yaro ga karatu ya mallaki ƙwarewar da ƙungiyoyin agaji suke nema ido rufe, shi ya sa su ne suke fara gano shi tun kafin ma'aikatarsa ta san da zamansa.

A nan gizo yake saƙa, domin duk abin da na lissafa babu layi ɗaya da yake shiga takardun aikin malami. Abin da takardun suka sani shi ne shaidar karatunsa da yawan shekarunsa da jarrabawar ƙarin girma da ya ci ko ya faɗi, ita kuwa jarrabawar, wanda yake zaune a unguwar Zariya ko Bagalam, ga lantarki ga littattafai ga abokan bita, shi ya fi samun damar shirya mata a kan wanda yake duba takardun yara da fitilar wayarsa. Ci gaba a aikinmu ya zama nisantar yara, daga ƙauye a dawo gari, daga aji a koma ofishin darakta, daga nan a zama mai ba malamai shawara, daga nan sufeto. Ba ni da ja a kan waɗannan muƙamai, ana bukatarsu, amma babu wani mataki da aka tanada domin wanda yake so ya tsufa a cikin aji mai wuya kuma a girmama shi a kan haka. Malamai mata nasu ma ya fi tsanani, domin sai ka ga makarantar cikin gari ta cika da su har sun yi yawa, ƙauyen da ƴan matansa suka fi bukatar ganin mace da alli a hannu kuwa babu ko ɗaya, saboda ba a tanadar mata ɗaki mai ƙyaure ba, balle wani alawus.

Idan hanya ta toshe haka, mutum zai duba gefe, kuma ga ɗan Maraɗi gefe mafi kusa shi ne Najeriya. Daga nan zuwa Ɗan Isa, a bi ta Jibiya, a shiga Katsina, tafiya ce da ba ta kai kilomita 100 ba, babu canjin harshe, babu canjin abinci, sau da yawa ma akwai dangi a can. Tun da Janar Sani Abacha ya bayyana a 1996 cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, aka kuma ba shi gurbi a manhajar makarantu, ake fama da ƙarancin masu koyar da shi. Suna da cibiyar koyon Faransanci a Badagry tun 1991, suna da sassan koyar da shi a jami'o'i da kwalejojin ilimi, amma waɗanda ake yayewa ba su isa ba, musamman a Arewa, don haka makarantu masu zaman kansu a Katsina da Kano da Kaduna suke marhabin da malamin Nijar.

Babban abin da fita ta koya mini ya shafi Faransancin da na tafi da shi. A Najeriya kowa ya yarda cewa baƙon harshe ne ga yaro, don haka a matsayin baƙo ake koyar da shi, a fara da gaisuwa da sunayen abubuwan da ke cikin aji, a yi bayani da harshen da yaro yake ji, a maimaita, ba a kuma tsammanin ya koyi lissafi ko kimiyya a cikinsa. A Nijar kuwa an daɗe ana yi sai ka ce ɗan shekara bakwai daga ƙauyen Gazawa da Faransanci aka yaye shi, a tarbe shi da shi ranar farko, a koya masa karatu da lissafi da shi, sa'an nan a yi mamaki idan ya kai aji shida bai iya karanta jimla ya fahimce ta ba. Su ma can suna da irin wannan ciwo game da Ingilishi, sai dai laifi tudu ne, sai mutum ya hango na wani yake gane wanda yake takawa. Na kuma ga yadda suke tara makin ɗalibi a tsawon zango maimakon a rataya komai a wuyan jarrabawa guda, da yadda iyaye a makarantun kuɗi suke bin diddigin malami ba sani ba sabo. Mu ma ba hannu rabbana muka je ba, domin sun yaba da littafin shirin darasi da malamin Nijar ba ya shiga aji sai da shi, da kyawun rubutu a allo, da shifta, da haƙurin da aji mai cunkoso yake koya wa mutum.

Ba zan ɓoye wa matasan da suke shirin tafiya ɗacin abin ba. Da yawa suna karɓar aiki da baka, babu rubutacciyar yarjejeniya, ranar da mai makaranta ya samu wanda zai karɓi ƙasa da albashinsu sai ya sallame su, babu kuma inda za su kai ƙara. Najeriya tana da hukumar rajistar malamai, kuma wanda bai nemi a daidaita masa takardunsa na gida da nasu ba zai dawwama a gefe komai iyawarsa. Albashi da naira ake biya, iyali kuwa da sefa suke cefane, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni 2023, abin da malami yake aikowa gida ya zube ƙwarai. Iyakar da muke ɗauka tamkar babu ita takan tuna mana da kanta, domin an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma fitar Nijar daga ƙungiyar Ecowas a Janairu 2025 ta sa dole kowa ya kula da takardun zamansa fiye da da. Tarihi ma yana da nasa gargaɗi. Da yawa daga malaman Gana da suka cika makarantun Najeriya a zamanin arzikin mai sun tattara sun koma gida bayan korar baƙi ta 1983, mu ma nan Nijar mun taɓa sallamar ma'aikata ƴan Dahome, wato Benin ta yanzu, a ƙarshen 1963 a kan rikicin tsibirin Lete. Mafi muni shi ne abin da yake jiran mutum a gida, inda shekarun da ya yi a makarantun waje ba sa shiga lissafin fansho, ɗan kwantaragin da ya tafi an share sunansa, kuma idan ya dawo da niyyar komawa aji, a bayan ɗaliban da ya koyar zai bi layi.

Wannan kallo da muke yi wa mai fita, kamar wanda ya gudu daga fagen fama, bai dace da tarihinmu ba. Mutumin da babbar jami'ar ƙasar take ɗauke da sunansa, Farfesa Abdu Mumuni, ɗan jihar nan ne, an haife shi a Tasawa a 1929. Bayan ya ci babbar jarrabawar zama malamin fiziks a Faransa a 1956, ya koyar a Dakar, kuma da Gini ta ƙi tayin shugaban gwamnatin Faransa, Janar De Gaulle, na ci gaba da zama a ƙarƙashin inuwar Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, yana cikin malaman Afirka da suka tafi Konakiri domin kada makarantun sabuwar ƙasar su tsaya. Ya yi bincike a Tarayyar Sobiyet, ya koyar a babbar makarantar horon malamai ta Bamako, ya kafa ɗakin binciken makamashin hasken rana a can, sa'an nan ya dawo gida a 1969 ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ƙasa, daga baya ya shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. A littafin da ya wallafa a 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu, shekara tara kafin a buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Da a ce ranar da ya dawo an gaya masa shekarunsa na Konakiri da Bamako ba su cikin lissafi, da ƙasar ce ta yi hasara.

Na san abin da za a ce, wato ƙasar da ba ta da isassun malamai ta yaya za ta sauƙaƙa musu fita. Tambaya ce mai nauyi, tun da hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara suna bukatar ƙarin malamai miliyan 15 kafin 2030, kuma Nijar, da yawan haihuwarta, ba a baya take a wannan bukata ba. Amsata ita ce malaman suna fita ko an yarda ko ba a yarda ba, kuma ba duka ne suke fita zuwa wani aji ba. Na san waɗanda suka koma ƙungiyoyin agaji, da waɗanda suka buɗe shago a babbar kasuwa, da waɗanda suka bi ayarin masu haƙar zinariya zuwa Jado lokacin da aka gano ta a 2014. Wanda ya tafi Katsina ya ci gaba da riƙe alli, shi ne ma ya fi kusa da dawowa. Zaɓin da ke gabanmu yana tsakanin fitar da mutum yake yi a ɓoye ya yanke duk wata alaƙa da ma'aikatarsa, da fitar da hukuma ta sani, ta sa mata wa'adi, ta kuma ajiye wa mai ita gurbinsa. Najeriya tana da irin wannan shiri tun 1987, inda take tura ƙwararrunta, ciki har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na tsawon shekara biyu, su gama su koma gida.

Abin da nake roƙon ma'aikatar ilimi shi ne ta fara da gyara lissafi. Shekarar da malami ya yi a ajin gada, ko a makarantar makiyaya, ko a cikin ƴan gudun hijira, a ba ta nauyi fiye da shekarar cikin gari wajen ba da lambar aiki da ƙarin girma, a kuma rubuta wannan a doka domin kada ya zama alfarmar da ake yi wa wanda yake da uwa a gindin murhu. Makarantar horon malamai da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna iya haɗa kai su tsara takardar shaida ta musamman a kan koyar da yaran da suka makara, wadda za a yi karatunta a lokacin babban hutu, a kuma ɗauko masu koyarwar daga cikin waɗanda suka yi aikin da hannunsu. Duk wanda ya cika wasu shekaru a wuri mai wuya, ɗan kwantaragi ne ko mai lamba, a ba shi izinin tafiya koyarwa a waje na shekara biyu ko uku, a buɗe masa hanyar zuba kuɗin fansho, bisa sharaɗin idan ya dawo zai yi wani wa'adi yana horar da sababbi. Dokar aikin gwamnati ta riga ta san da izinin jingine aiki na wani lokaci da kuma aron ma'aikaci ga wata hukuma, sai dai an yi ta ne domin masu lamba, ƴan kwantaragi kuwa su ne suka fi yawa a wuraren da nake magana.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin lokacin ya yi. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko me mutum yake tunani a kan wannan mataki, kuma na san ƴan'uwanmu masu magana da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci suna da tambayoyin da ya wajaba a saurara, idan ana so harsunan gida su shiga aji da gaske, sai an samu malaman da suka iya koyar da karatu da lissafi a cikinsu, domin jin harshe a gida daban, iya koyarwa da shi daban. Waɗanda suka fi kowa sanin wannan aiki a ƙasar nan su ne malaman azuzuwan gada da na makarantun gwaji da na yaƙi da jahilci, wato mutanen da tsarin ya fi mantawa da su. A ƙetaren iyaka kuma akwai Jami'ar Bayero a Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda aka shafe shekaru ana nazarin Hausa har zuwa digirin digirgir, ana kuma rubuta littattafan koyar da ita. Su suna neman mai koyar da Faransanci, mu muna neman mai horar da mu a kan koyar da Hausa da Ingilishi, ga motoci suna kai da kawowa. Yarjejeniyar musayar malamai tsakanin jihar Maraɗi da jihar Katsina ba abu ne da ya gagara ba, tun da an sha zaman haɗin gwiwar Kano da Katsina da Maraɗi a kan kasuwanci da abinci, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu kuma tana nan tun 1971.

Ƙungiyoyin malamai ma suna da nasu rabo. Sun yi ƙoƙari a kan albashi da lambar aiki, ba kuma zan ce su sassauta ba, amma ko rajistar sunayen ƴan Nijar da suke koyarwa a Katsina da Kano da Sakkwato suka buɗe, tare da wani tsohon sufeto ko lauya da zai duba wa mutum yarjejeniya kafin ya sa hannu, ya tabbatar ta faɗi albashi da masauki da ranar biya, da an rage cutar da ake yi wa wasunsu.

Ina kuma roƙon jaridarku, ya Edita, ta tura wakili Gidan Rumji da Dakoro ya zauna da malaman waɗannan azuzuwa, ya ƙetara Katsina ya nemo namu da suke can ya tambaye su abin da zai sa su dawo, sa'an nan ya kai amsoshinsu gaban daraktan ilimi na jiha da shugabannin ƙungiyoyin malamai, a ji abin da za su ce kafin a yi rabon wuraren aiki na baɗi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.